Guɗa Ta Huɗu

A unguwar Zaitawa in aka yi haihuwa ba a tambayar me aka samu, kunne ake kasawa. Uwani za ta tsaya a tsakar gidan mai jego, ta kama hanci da yatsu biyu, ta jefa kai baya, ta rangaɗa guɗa. In ta yi uku ta tsaya, namiji ne. In ta ƙara ta huɗu, mace ce. Shekara talatin da 'yan kai tana wannan aiki, har maza a soro suka iya ƙirgawa tare da ita, mai awo a bakin lungu ma yakan riƙe kwanonsa sai ta gama. Akwai masu guɗa a Madabo, akwai a Gwammaja, kuma ba laifi suna ƙoƙari, amma wanda ya taɓa jin ta Uwani ya san sauran koyo suke. Tata doguwa ce, siririya, tana tsallake katanga bakwai ba ta gaji ba. In ta zo ta ƙarshe kuma tana da wata 'yar karkarwa da take dire ta da ita, wadda duk matan unguwar sun gwada sun kasa.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yi wa ba, ita ce 'yarta Nana Hauwa. 'Yar fari ce, kuma ita kaɗai Allah ya bar mata. Uwani kuwa a hannun tsofaffin da suka ɗauki kunyar ɗan fari da gaske ta tashi, ko sunan yarinyar ba ta faɗa, sai dai ta ce 'yar gidan Malam. Ranar da za a kai Nana Hauwa ɗakin miji, Uwani ta shige ɗaki ta ja ƙofa kamar yadda ya kamata, tana ji wata baƙuwa daga dangin ango ta yi wa 'yarta wata guntuwar guɗa mai kama da kukan zabuwa. Abin ya ci mata rai ƙwarai, kuma ba ta faɗa wa kowa ba. Da abu ɗaya ta lallashi kanta: tsakanin kaka da jika babu kunya. Ranar da 'yar gidan Malam ta haihu, ranar za ta fanshe.

Sai haihuwar ta ƙi zuwa. Shekara tara Uwani tana yi wa jikokin mutane guɗa, ta dawo gida ta ajiye mayafi ta hura wuta, ba wanda ya taɓa ganin komai a fuskarta. A shekara ta goma aka zo mata da labarin ciki. A shekarar ne kuma wuyanta ya fara ciwo.

Da fari matashi ta zarga, ta canza shi. Mijinta Malam Garba, baduku ne mai ɗinkin gafakar Alƙur'ani a soron gidan, shi kuma sana'arta ya zarga. Ya ce wuyan da aka yi shekara talatin ana wurgi da shi baya ai yana da haƙƙin ya yi ƙorafi. Ta ce shi da ya yi shekara arba'in a sunkuye kan fata ba shi da bakin magana. Suka yi dariya, aka shafa man zafi, aka bar zancen.

Ciwon bai bar ta ba. Can sama yake, a ƙeya, daidai inda kai ya zauna a kan wuya. Ya zamana in za ta waiwaya sai ta juya jikinta gaba ɗaya. In za ta tashi daga kwance sai ta tallafe haɓarta da tafin hannu, ta ɗaga kan kamar wadda ta ɗauko ƙwaryar nono cike. Da la'asar zazzaɓi ya zo ya lulluɓe ta, zuwa safiya ya sake ta. Zaninta ya fara neman ƙarin zagaye. Duk wannan Uwani ta shanye, don ita a wajenta ciwon da bai hana mutum fita ba bai isa a kira shi ciwo ba.

Ranar da ta tsorata ita ce ranar da aka haihu a gidan Alhaji Ismail mai turare. Ta tsaya inda ta saba tsayawa, ta kama hanci, ta buɗe baki, sai harshen ya ƙi. Nauyi ya yi mata a baki kamar ba nata ba. Guɗar ta fito a karye, ta mutu a tsakiya. Wata daga cikin matan ta ce mura ce, wata ta yi sauri ta cike mata. Uwani ta dawo gida ta zauna shan koko, kurɓa ta biyu ta ƙware, ta yi ta tari har hawaye. Da ta samu kanta ta ɗauko madubi ta zaro harshe. Maimakon ya fito sak, sai ya karkata hagu, ɓangaren hagun kuma ya kwanta ya yi tamoji-tamoji. Ta daɗe tana kallonsa. A lokacin cikin Nana Hauwa wata huɗu.

Washegari ta aika a kira mata 'Yardada, maƙwabciyarta ta jikin katanga. 'Yardada ba ta karanci komai game da ƙashi ba, ba ta kuma taɓa cewa ta karanta ba. Tagwaye ta haifa har sau biyu, kuma kowa a cikin birni ya san hannun uwar 'yan biyu yana gyara targaɗe. Tun tana ƙi har ta saba. Yaro ya gurɗe a ƙwallo, a kawo mata. Amarya ta tashi wuya a sanƙare, a kawo mata. Ta ja, ta murɗa, a ji ƙas, mutum ya tafi yana sa albarka, yawanci kuma a dace.

"Yaya Uwani, wannan wuyan ya kwana biyu fa," in ji 'Yardada, tana shafa mata man kaɗanya a ƙeya. "Da ma asibiti kika fara zuwa."

"Asibiti su ba ni kati su ce in dawo wata mai zuwa?" Maganar Uwani ta fara lauyewa, sai an kasa kunne. "Jijiya ce ta hau kan jijiya, ita ta janye min harshe. Murɗa ki mayar min da ita."

Hantsi ne, rana ta sauko rabin katanga. Uwani na zaune a kan kujera 'yar tsugunno, 'Yardada na tsaye a bayanta, hannu ɗaya a haɓa, ɗaya a ƙeya. Ta yi bisimilla ta fara juyawa a hankali, don ta saba sai ta ji inda wuya ya tsaya kafin ta fizga. Ba a kai ga fizgar ba. Uwani ta ji wani abu ya tsarga mata daga ƙeya har yatsun ƙafa, irin jan da lantarki ke yi wa mai jiƙaƙƙen hannu. Hannuwanta biyu suka zube a cinya, ta ce su tashi suka ƙi.

'Yardada ma ta ji nata a tafin hannu. Wuyan bai yi mata gardama ba kamar yadda wuya mai targaɗe ke yi, sakin jiki ya yi, kamar tulun da ya tsage a gindi. Allah ya taimake ta ba ta firgita ta saki ba. Ta mayar da kan daidai, ta riƙe shi cak da hannu biyu, tana salati ƙasa-ƙasa, hannun bai motsa ba. Sun fi minti goma a haka kafin Uwani ta ce yatsunta sun fara farfaɗowa. Ko a lokacin 'Yardada ba ta saki ba, sai da Malam Garba ya shigo aka naɗe tawul aka kewaye wuyan da shi.

A asibiti aka yi hoto, aka sake wani, aka kwantar da ita a wata na'ura mai rami wadda ke ƙara kamar injin markaɗe. Aka ɗebi jini, aka karɓi kaki, aka zuƙi wani ruwa da allura daga can cikin maƙogwaro. Kwana goma sha ɗaya ta yi a gado da kwala mai tauri a wuya kafin likitan, wani mai magana a tsanake da ake kira Dakta Abdulhakeem, ya ja kujera ya zauna kusa da ita. Nana Hauwa da 'Yardada na tsaye.

"Mama, tarin fuka ne," in ji shi.

"Ni da ko tari ba na yi?"

"Ba a huhu kaɗai yake zama ba. Ƙwayar cutar takan bi jini ta sauka a ƙashi. Ke taki ta sauka a gaɓa biyun farko na wuya, waɗanda ƙoƙon kai ke zaune a kansu. Ta ci wani sashe na ƙashin, ta tara mugunya." Ya ɗaga hoton ya nuna da biro. "Nan gefen akwai wata 'yar kafa a gindin ƙoƙon kai. Ta cikinta jijiyar da ke motsa harshe take fitowa, kusa da ita kuma akwai masu kula da haɗiya da murya. Kumburin ne ya danne su, shi ya sa harshen ya karkata, shi ya sa kike ƙwarewa."

'Yardada ta ce, murya ƙasa, "Likita, da na fizga fa?"

Ya dube ta. "Igiyar da ke ɗauke da numfashi da motsin jiki duka ta tsakiyar ƙashin nan ta wuce. Ki gode wa Allah da ya sa kika tsaya, ki kuma gode masa da ya sa ba ki saki ba."

Sauran bayanin mai sauƙi ne a faɗa. Magani kullum da safe kafin a ci komai, shekara guda ko fiye, ba fashi ko na rana ɗaya. Kwala ba za ta bar wuya ba sai hoto ya nuna ƙashin ya kama. Ba ɗaukar kaya a ka, ba sunkuyo, salla ma a zaune da nuni. Kakinta ya fito lafiya, don haka ba za ta shafa wa kowa ba, jariri ma za ta iya ɗauka. Uwani ta saurara har ya gama, sannan ta yi tambayar da ta kwana goma sha ɗaya a bakinta.

"Guɗa fa?"

Nana Hauwa ta sunkuyar da kai. Likitan bai yi dariya ba, kuma Uwani ta ga girmansa saboda haka. Ya ce in kumburin ya sauka harshen yana iya dawowa duka, yana iya dawowa rabi, wannan sai an gani. "Amma jefa kai baya, Mama, babu shi. Ko sau ɗaya."

Aka ce sai an samu wanda zai riƙa tsayawa a kanta tana shan maganin. Kafin kowa ya buɗe baki 'Yardada ta ce ita ce. Tun daga ranar, kullum gari ya waye za ta zagayo da ƙwayoyin a tafin hannu da kunu mai kauri, don ruwa tsinkakke shi ke ƙware Uwani. Ta tsaya sai ta ga an haɗiye ta ƙarshe. Wuya kuwa ta daina taɓawa. In aka kawo mata gwiwa ko idon sawu takan duba, amma duk wanda ya zo yana dafe da ƙeya sai ta kwatanta masa hanyar asibiti, in ya tsaya musu ta ba shi labarin tulu.

Watannin suka tafi a hankali. Maganin ya mayar da fitsarin Uwani ja kamar zoɓo, ta tsorata, aka ce haka yake yi. Zazzaɓin la'asar ya ɗauke. Zani ya fara komawa mazauninsa. Wasu maƙwabta da suka ji sunan ciwon sun ɗan ja baya, in sun shigo gaisuwa daga bakin ƙofa suke tsayawa, ba su shan ruwan gidan. Uwani ta lura da su ɗaya bayan ɗaya, ta kuma tuna wa ta yi wa guɗar ɗan fari a cikinsu. Haihuwa biyar aka yi a unguwar a wannan tsakani, tana zaune tana jin guɗar wasu ta katanga, tana gyara musu a zuci.

Kullum da hantsi, in gida ya yi shiru, sai ta ɗauko madubi. Ta tura harshe dama, ta tura hagu, ta taɓa dasashi na sama, kamar yadda aka koya mata a asibiti. Daga nan ta kama hanci ta gwada. Abin da ke fitowa ba ya kama da komai sai kukan ƙofar langa-langa. Ashe rabin guɗarta a jefa kan nan take, shi ke buɗe mata maƙogwaro. Yanzu kuwa kwala ta tokare haɓa, dole ta nemo numfashin daga wani wuri. Malam Garba yana jiyo ta daga soro. In ta fara sai ya ɗauki guduma ya hau bugun fata da ƙarfi, don kada masu wucewa su ji, ita kuma ta yi kamar ba ta san dalilin bugun ba.

Da cikin ya shiga wata na bakwai Nana Hauwa ta dawo gida goyon ciki. Kwana uku tana jin wannan fama, a na huɗu ta kasa daurewa.

"Inna, don Allah ki bar shi. Ni lafiyarki ta fi min guɗa dubu."

Uwani ba ta ɗauke ido daga madubi ba. "Wa ya ce don ke nake yi? Tsakanina da baƙona ne."

Ranar wata Talata bayan sallar asuba naƙuda ta tashi. Mijin, Mikail, ya zo da mota tare da yayarsa suka tafi da Nana Hauwa asibiti. Uwani ta so bi, aka hana ta saboda ramukan hanya. Ta raka su da ido har soro, ta dawo ta zauna a kan kujerarta a inuwar ɗaki.

Yanzu zamani ya canza, waya ta fi guɗa sauri, kowa ya san haka. Malam Garba ma ya sani. Shi ya sa ya shigo tsakar gida da wayarsa a hannu, ya kashe ta a gaban Uwani, ya jefa a aljihu.

"Ni dai in ba daga bakinki na ji ba, ban ji ba," in ji shi, ya koma soro.

Ta ji daɗin maganar, ta kuma ji tsoronta.

Kafin azahar soro ya cika da abokan Malam, tsakar gida kuma da mata, har da masu tsayawa a bakin ƙofa, yau sun shigo ciki. Ana ta hirar duniya, ba mai jin abin da wata ke faɗa. Sai wayar 'Yardada ta yi ƙara. Ta saurara, ta ce alhamdu lillahi sau uku, ta rufe wayar da tafin hannu ta rage murya don kada soro ya ji.

"Ta sauka lafiya. Mace ce."

A cikin matan nan akwai aƙalla huɗu da suka iya guɗa. Ba wadda ta buɗe baki. Duk suka juyo suna duban Uwani.

Ta miƙe a hankali ta tako tsakiyar gida. Hannunta ya tafi bayan wuya, inda maɗaurin kwala yake. Sau huɗu ne kawai, in ji zuciyarta, ƙashin da ya sha magani wata biyar ai ba zai kasa ɗaukar sau huɗu ba. 'Yardada ta riga ta isa wajen, ta kama hannun ta sauke shi.

"Yaya Uwani, ni na ji abin da ke cikin wuyan nan, ke ba ki ji ba. Tsaya yadda kike. Ni zan riƙe, ke ki yi."

Ta tsaya a bayanta, ta sa tafin hannu biyu ta kama kan ta gefe da gefe, irin riƙon da ta yi masa ranar man kaɗanya. Uwani ta kama hanci, ta ja numfashi tun daga ciki.

Ta farko ta fito a shaƙe, gajeriya, amma guɗa ce, ba wanda zai kira ta da wani suna. Hirar soro ta tsaya cak. Ta biyu ta fi ta farko tsawo, har wata tsohuwa ta ce madalla. A ta uku harshen ya fara zamewa hagu, ta ja ta da ƙyar ta kai ta gaɓa. Ta buɗe baki za ta yi ta huɗu, sai babu. Harshen ya kwanta a baki kamar tsumma, yawu ya sarƙe ta, ta hau tari. 'Yardada ta ƙara ƙarfin riƙo, kan bai motsa ba.

Shirun ya yi tsawo. Daga soro aka fara hayaniya.

"Uku ce. Namiji ne, Malam. Allah ya raya, Allah ya sa mahaddaci ne."

Uwani na ji. Baƙin ciki ya taso mata, irin na ranar da ta ja ƙofa tana jin kukan zabuwa. Wata daga cikin matan ta matso ta ce a hankali, "Bari in cika miki ɗayar." Uwani ta ɗaga hannu ta tsayar da ita. Da ƙyar maganar ta fito, a lauye, amma kowa ya gane.

"Shekara tara tana hanya. Ba za ta iso a rage mata ɗaya ba."

Sai muryar Malam Garba ta ratso hayaniyar soron, ba da ƙarfi ba, yadda yake magana in allura na bakinsa.

"Ku dakata da addu'ar tukuna. Ba ta dire ba."

Uwani ta rufe ido. Ta haɗiye yawu a hankali, sau ɗaya, sau biyu, yadda ta koya da kunu. Ta jira har ta ji harshen ya ɗan farfaɗo, ta tokare shi da dasashin dama inda sauran ƙarfinsa yake, ta kama hanci.

Ta huɗun siririya ce ƙwarai. Ba ta tsallake katanga bakwai ba, ko ta gidan 'Yardada da wuya in ta haura. Amma ta yi tsawo, kuma da ta zo ƙarshe sai ga 'yar karkarwar nan, ta yi rawa sau biyu ta sauka. Iyakarta soro, kuma can ɗin aka aike ta.

"Huɗu," in ji Malam Garba. "Mace ce. To, yanzu ku yi addu'ar."

Sai a lokacin matan suka saki nasu gaba ɗaya, gidan ya ɗauka, lungu ya ɗauka. Uwani na tsaye a tsakiyarsu ba ta motsa ba, hawayenta na bin yatsun 'Yardada suna gangarawa cikin kwala. 'Yardada ma kuka take, kuma har yanzu ba ta saki ba.

"Sake ni haka nan," in ji Uwani. "Je ki duba min itacen can, a ɗora ruwan wanka kafin su iso."